Darasi Daga Sashen Kariya: Yadda Za Mu Gane Saƙon Damfara a Imel da Waya

Darasin wannan fitowa ya shafi duk wanda ke da waya a hannu, ko yana zaune a matsugunin Tarikom da ke gundumar Bawku ta Yamma, ko yana cikin garin Bawku, ko ya sauka wajen 'yan'uwa a zangon Yendi ko na Salaga. Da yawa daga cikinmu sun buɗe imel ne saboda sabuwar waya ta nemi a buɗe, ko saboda cike takardar makaranta, ko don neman aiki. Wasu kuma suna jiran labari daga ofis a kan rajistarsu. 'Yan damfara sun san haka, sun kuma san cewa mai jiran labari yana saurin buɗe kowane saƙo.

Muna roƙon wanda ya iya karatu ya karanta wa waɗanda ba su iya ba, ya kuma fassara musu da Mosanci ko Fulatanci ko Kusasanci ko Busanci. A ƙarshe akwai tambayoyi don tattaunawa a majalisa, a ƙungiyar mata da ajin matasa.

Mene ne wannan damfara?

Turawa suna kiranta fishin, sunan da suka ɗauko daga kamun kifi. Masunci yana sa tana a bakin ƙugiya ya jefa a ruwa ya zauna yana jira. Bai san wane kifi zai zo ba. Haka ɗan damfara yake tura saƙo iri ɗaya ga dubban mutane, da sunan wata hukuma ko banki ko kamfanin waya, ya jira wanda zai amsa. Ko mutum goma kawai suka amsa, ya ci riba, domin tura saƙon bai ci masa komai ba.

A nan Ghana ana kiran masu wannan sana'a 'yan sakawa, kalmar da asalinta Hausa ce. A Najeriya ana ce musu 'yan 419, lambar sashen dokar manyan laifuka da ya yi magana a kan karɓar dukiyar mutane ta hanyar yaudara. A da wasiƙa suke aikowa ta gidan waya. Yanzu imel ne, da gajeren saƙo, da WhatsApp, da Facebook, da kiran waya.

Abin da ya kamata kowa ya riƙe shi ne wannan: yawanci ɗan damfara ba ya iya ɗaukar kuɗinku ko bayananku sai da hannunku. Sai kun latsa, ko kun rubuta lambar sirri, ko kun tura hoton kati, ko kun aika kuɗi. Duk dabararsa ta sa ku yi ɗaya daga cikin waɗannan ne kafin ku yi tunani. Wanda ya dakata ya tambaya ya riga ya tsinke masa igiya.

Me suke nema?

Abu huɗu suke nema. Na farko kuɗi kai tsaye, da sunan kuɗin fom, kuɗin biza, kuɗin gwajin lafiya ko kuɗin tikiti. Na biyu lambar sirrin asusun kuɗi na waya, wato MTN MoMo ko Telecel Cash ko AT Money, har da Orange Money da Moov Money ga waɗanda ke riƙe da layin Burkina Faso. Na uku kalmar sirrin imel ko Facebook, ko lambobi shida da WhatsApp ke turowa idan za a buɗe shi a sabuwar waya. Na huɗu takardun shaida: hoton katin ɗan gudun hijira, takardar neman mafaka, lambar fayil, sunayen iyali da ranar haihuwa.

Wannan na huɗun mutane sun fi raina shi, alhali a wurinmu ya fi sauran haɗari. Kuɗi idan ya tafi ana iya samun wani. Amma wanda ya gudo daga garinsu saboda 'yan bindiga, bayanin inda yake zaune yanzu da sunayen 'ya'yansa ba abin da za a miƙa wa baƙo ba ne. Ban da haka, ana iya amfani da hoton katinku a buɗe asusu ko a ci bashi ko a damfari wani da sunanku, ranar da aka zo bincike kuma ku za a nema.

Misali don nazari

Ga wani saƙo da muka tsara don wannan darasi, bisa salon waɗanda ke yawo. Yawanci suna zuwa da Turanci ko Faransanci, da tambarin hukuma a sama.

"Zuwa ga mai nema. Muna taya ka murna. An zaɓi iyalinka don sake tsugunarwa a Kanada. Gurabe kaɗan ne suka rage. Ka latsa nan ka cike fom, ka ɗora hoton katinka, ka biya sidi 350 na gwajin lafiya ta lambar MoMo da ke ƙasa cikin awa 24, in ba haka ba za a ba wani gurbinka. Kada ka faɗa wa kowa a sansani saboda masu hassada. Daga babban jami'in sake tsugunarwa."

Ku sake karanta shi a hankali. Alamomi bakwai ne a cikinsa.

1. Bai ambaci sunanku ba. Ofishin da ke riƙe da fayil ɗinku ya san sunanku. Amma ku lura, wasu 'yan damfara suna samo suna daga Facebook ko daga bakin wani, saboda haka ambaton suna shi kaɗai bai isa shaida ba.

2. Ya yi albishir da abin da ba ta haka ake samunsa ba. Sake tsugunarwa a ƙasa ta uku ba caca ba ce, ba a kuma cike fom a intanet don nemanta. Ana duba halin kowane iyali, a yi hira da su ido da ido fiye da sau ɗaya, sannan ƙasar da za ta karɓa ita ke da maganar ƙarshe. A duniya gaba ɗaya, waɗanda ake sake tsugunarwa a shekara ba su kai mutum ɗaya cikin ɗari na 'yan gudun hijira ba. Wanda ba a taɓa kiransa hira ba, ba yadda za a yi ya wayi gari an zaɓe shi.

3. Ya nemi kuɗi. Duk ayyukan Hukumar Kula da 'Yan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato UNHCR, kyauta ne: rajista, ganin jami'in kariya, sake tsugunarwa, neman tallafin karatu na DAFI da gwamnatin Jamus ke ɗaukar nauyinsa tun 1992. Ba jami'i, ba tafinta, ba shugaban unguwa da ke da ikon karɓar ko kobo a kan waɗannan.

4. Ya ce a biya ta lambar wani mutum. Idan kuka sa lambar a MoMo, kafin ku tabbatar za ku ga sunan mai ita ya fito. Hukuma ba ta karɓar kuɗi a asusun wani Malam wane.

5. Ya sa wa'adi. Awa 24, yau kawai, kafin ƙarfe shida. Gaggawar da gangan aka sa ta, don kada ku samu lokacin tambaya.

6. Ya ce a ɓoye. Duk saƙon da ya hana ku shawara da kowa, mai shi yana tsoron abin da za a faɗa muku ne.

7. Ya ce a latsa wani wuri a ɗora takardu. Shafin da zai buɗe yana iya kama da na gaske, launi da tambari duka, amma abin da kuka rubuta hannun ɓarawo yake zuwa.

Yadda ake duba adireshi

Sunan da ke fitowa a saman imel kowa yana iya rubuta abin da ya ga dama. Ɗan damfara zai iya sa UNHCR Ghana ko MTN a wurin. Ku dangwali sunan, adireshin da ke ƙarƙashinsa zai bayyana. Abin dubawa shi ne ɓangaren da ke bayan alamar @.

Imel ɗin ma'aikatan UNHCR yana ƙarewa da unhcr.org. Shafukan gwamnatin Ghana suna ƙarewa da gov.gh. Na gwamnatin Amurka suna ƙarewa da gov, na Kanada kuma canada.ca ko gc.ca. Idan kuka ga sunan hukuma amma ƙarshen gmail.com ne ko yahoo.com ko outlook.com, to wani ne ya buɗe shi kyauta cikin minti biyar, kamar yadda kuka buɗe naku.

Wata dabarar ita ce juya haruffa. Za a rubuta unhrc a maimakon unhcr, ko a sa lamba 0 a wurin harafin o, ko a haɗa r da n su yi kama da m. A ƙaramin gilashin waya, musamman wanda ya tsage, ido ba ya kamawa sai an natsu.

Adireshin shafi ma haka ne. Ku nemi karkataccen layi na farko da ke zuwa bayan sunan shafin, wato wannan alama /, ku karanta abin da ke dab da ita ta hagu. Nan ne ainihin mai gidan yake. A help.unhcr.org mai gida shi ne unhcr.org, kuma shafin gaskiya ne. Amma da za ku ga wani abu kamar unhcr.org.rajista-yanzu.xyz, wanda muka ƙirƙira don misali, mai gida shi ne rajista-yanzu.xyz, sunan hukumar ado kawai aka yi da shi a gaba. Idan kuka danne mahaɗar shafi da yatsa na ɗan lokaci ba tare da kun saki ba, waya za ta nuna inda za ta kai ku. Hoton kwaɗo da ke gefen adireshi ba shaidar gaskiya ba ne, shafukan ɓarayi ma suna da shi.

Ko da adireshi ya yi daidai, idan saƙon ya nemi kuɗi ko lambar sirri, kada ku amsa. Ana sace asusun mutanen kirki a yi damfara da shi.

Sauran rigunan da take sakawa

Saƙon an yi kuskure. Gajeren saƙo zai shigo cewa an turo muku kuɗi, sai wani ya kira yana kuka, wai kuɗin maganin uwarsa ne ya ɓata lamba. Kada ku dogara da saƙon. Ku buga *170# idan MTN ne, ko *110# idan Telecel ne ko AT, ku duba abin da ke asusunku da kanku. In da gaske kuɗi ya shigo, ku ce wa mai shi ya kira kamfanin su mayar masa.

Saƙon amincewa. Wayarku za ta nuna buƙatar ku sa lambar sirri alhali ba ku sayi komai ba, ba ku kuma tsaye gaban mai MoMo. Wani zai kira ya ce ku sa don a tura muku tallafi. Ku riƙe wannan ƙa'ida: ba a sa lambar sirri don karɓar kuɗi. Ana sa ta ne idan kuɗi zai fita.

Saƙon za a rufe layi. Tun da aka fara sake rajistar layukan waya da Ghana Card a watan Oktoba na 2021, 'yan damfara suka samu abin tsoratar da mutane, musamman baƙi da ke jin takardunsu ba su cika ba. Za su ce layinku zai mutu yau sai kun ba da lambar da aka turo. Ku kashe kiran ku je ofishin kamfanin, ko ku zo teburin kariya mu nuna muku hanya.

Saƙon WhatsApp daga aboki. Zai ce ya tura muku lambobi shida bisa kuskure, ko ana buɗe sabon zauren tallafi sai kun karanto lambar. Da zarar kun faɗa, WhatsApp ɗinku ya koma wayar ɓarawo, shi kuma zai shiga roƙon 'yan'uwanku kuɗi da sunanku da hotonku. Abokin da ya rubuto muku, shi ma nasa aka sace.

Saƙon cacar bizar Amurka. Ma'aikatar harkokin wajen Amurka ba ta aika imel ko wasiƙa ta ce wani ya ci. Wanda ya shiga shi ke duba sakamako da kansa a shafin gwamnati, da lambar da aka ba shi ranar da ya cike.

Saƙon aiki. Albashi mai tsoka a Kumasi ko Accra ko ƙasashen Larabawa, ba hira, ba takarda, sai dai kuɗin rajista. Wannan ya wuce asarar kuɗi. Jami'an tsaron Ghana sun sha ceto matasa daga ƙasashe maƙwabta da aka yaudara da irin wannan alkawari, aka tara su a gida ɗaya, aka tilasta musu kiran danginsu su turo kuɗi. Duk wanda aka yi wa tayin aiki a nesa ya zo ya nuna mana kafin ya hau mota.

Saƙon rabon tallafi. Ana yaɗa shi a zaurukan WhatsApp da tambarin Majalisar Ɗinkin Duniya, wai a latsa a cike suna a tura wa mutum goma. Sanarwar rabo ta gaskiya tana zuwa ta allon sanarwa, ta shugabannin al'umma da ma'aikatan da kuka sani da fuska. Kada ku tura irin wannan gaba ko da niyyar alheri.

Matakai uku idan saƙo ya shigo

Na ɗaya, ku dakata. Kada ku latsa, kada ku sauke abin da aka liƙa wa saƙon, kada ku amsa ko da zagi ne, domin amsa tana nuna musu cewa akwai mutum a layin.

Na biyu, ku tabbatar ta hanyar da kuka riga kuka sani. Lambar da ke cikin saƙon ta ɓarawon ce, idan kuka kira shi zai ɗauka ya ce gaskiya ne. Ku yi amfani da lambar da ke allon sanarwa ko a takardar da ofis ya ba ku hannu da hannu. Masu MTN suna iya kiran 100. Idan ɗan'uwa ne ya rubuto yana neman kuɗi, ku kira shi ku ji muryarsa, ku tambaye shi abin da ku biyu kaɗai kuka sani. Mun san cewa zuwa ofishin Bolgatanga daga Yendi ko Salaga tafiya ce mai nisa da tsada, kuma duk lokacin da aka sa dokar hana fita a Bawku takan taƙaita zirga-zirga. Duk da haka, jinkirin kwana biyu ba ya sa a rufe fayil ɗin kowa.

Na uku, ku nuna wa wani. Matambayi ba ya ɓata.

Kulle ƙofa tun da rana

Kada lambar sirrinku ta zama shekarar haihuwa, ko 1234, ko ƙarshen lambar wayarku. Kada ku rubuta ta a bayan waya. A wajen mai MoMo, ku karɓi wayarku ku sa lambar da hannunku.

Idan mai gyaran waya ko yaron shagon intanet ne ya buɗe muku imel, to ya san kalmar sirrin. Ku sauya ta. Idan kuka shiga imel a kwamfutar haya ko a wayar wani, ku fita daga asusun kafin ku tashi. Kada kalmar sirri ɗaya ta zama ta imel da Facebook duka.

Ku kunna kariya mai mataki biyu a WhatsApp da Gmail. A WhatsApp tana cikin saituna, ƙarƙashin asusu, za ku zaɓi wasu lambobi shida naku na kanku. Da ita, ko an yaudare ku kun faɗi lambar da aka turo, akwai sauran ƙofa ɗaya a kulle.

Ga matasa da ke karanta wa iyaye saƙo: amana ce a hannunku. Idan Baba ko Inna suka miƙo waya suka ce me aka ce, ku karanta har ƙarshe, ku duba adireshin, ku faɗa musu gaskiya ko da albishir ɗin ya yi daɗi. Iyaye kuma, idan yaro ya ce wannan ƙarya ce, kada ku ce yana yi muku baƙin ciki.

Idan an riga an faɗa

Ba abin kunya ba ne. Malamai da 'yan kasuwa da ma'aikatan banki duk an damfare su. Shirun da ake yi shi ke ba ɓarawo damar kama na gaba. Ga abin yi, cikin sauri:

Ku sauya lambar sirrin MoMo da kalmar sirrin imel nan take. Ku kira kamfanin waya ko ku je ofishinsu da lambar da kuka tura wa kuɗin, da lokaci, da lambar cinikin. Wani lokaci ana iya tare kuɗi idan ba a riga an cire ba, amma ba kullum ba, don haka kada a kwana.

Kada ku goge saƙon. Ku ɗauki hotonsa. Ku kira ko ku tura saƙo zuwa 292, layin Hukumar Tsaron Intanet ta Ghana, wadda aka kafa bisa doka mai lamba 1038 ta shekarar 2020. Kuna kuma iya kai ƙara ofishin 'yan sanda. Mai neman mafaka yana da haƙƙin kai ƙara kamar kowa, kuma muna iya haɗa ku da tafinta.

Idan WhatsApp aka sace, ku sake shigar da lambarku a wayarku, sabuwar lamba shida za ta zo, da ita za ku kori ɓarawon. Ku sanar da dangi kada su tura wa kowa kuɗi da sunanku.

Idan hoton kati ko lambar fayil kuka tura, ku sanar da sashen kariya ko Hukumar 'Yan Gudun Hijira ta Ghana don a rubuta a fayil ɗinku. Kasancewa wanda aka damfara ba ya ɓata maganar mafakarku. Abin da ke iya ɓata ta shi ne sayen takardar bogi da sani, ko ba da cin hanci don a sa suna.

Ku yi hattara da wanda zai kira daga baya ya ce shi ɗan sanda ne ko lauya, zai kwato muku kuɗinku idan kun biya wani abu. Sau da yawa mutanen farko ne suka dawo da wata riga.

Idan kuma wanda ya nemi kuɗin ma'aikaci ne na gaske, ko tafinta, ko wani mai cewa yana da hanya a ofis, ku sa takarda a akwatin koke, ko ku rubuta wa ofishin babban sufeton UNHCR a inspector@unhcr.org. Ana riƙe sunan mai koke a asirce.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Ku kawo alamomi huɗu daga cikin bakwai da muka gani a saƙon misali.
2. Wane ɓangare na adireshin imel ake dubawa, kuma da me na UNHCR yake ƙarewa?
3. Wani ya kira ya ce ku sa lambar sirri don tallafi ya shigo. Me za ku ce masa?
4. Maƙwabciyarku ta tura sidi 200 da hoton katinta jiya da dare, tana jin kunyar faɗa. Wane abu za ku taya ta yi da farko, wane ne na biyu?
5. Me ya sa bai kamata a kira lambar da ke cikin saƙon don tabbatarwa ba?

Duk wanda ke da saƙon da bai gane ba, ya kawo wayarsa teburin kariya a ranakun da aka liƙa a allon sanarwa. Za mu karanta tare, ba za mu tambaye ku lambar sirri ba, ba kuma za ku biya komai ba. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya kare mu da iyalanmu.